Akuyar da Na Fito Musu da Ita

Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka kada kowa ya amsa mini, ku dai saurara. Ni ban shiga boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, kuma mai rubutawar ita ce ta jawo maganar. Na ce mata da biro za ta rubuta, wayar nan kuwa ta kife ta a kan tabarma inda idona zai riƙa ganinta.

Bazarar bana ta yi tsawo. Hadari yakan taso daga gabas bayan la'asar, ya yi baƙi, ya yi gurnani, mata su kwashe shanya, kaji su nemi maɓoya, sai iska ta zo ta watsa shi kamar taron da aka ce wa babu abinci. Tun hantsi ƙasa take cizon tafin ƙafa. Ruwan randa kamar an sauke shi daga murhu. Harawar da maza suka jibge a kan rassan bishiya tun kaka ta ƙare, saura tsinke. Duk wanda ya kai shekaruna ya san wannan zafin, don mun taɓa haɗuwa da shi sau ɗaya, kuma a wancan karon bai zo shi kaɗai ba.

A cikin wannan zafin ɗana ya aiko daga Kano cewa 'yarsa Zulai tana tafe da abokan karatunta biyu. Lafiyar dabbobi take karantawa. Malaminsu ya ce kowace ƙungiya ta haɗa littafi a kan yadda ake kula da awaki da bazara. Ba littafin takarda ba, na waya: ka taɓa hoto ya motsa, ka taɓa wani wuri murya ta fito, akuya ta yi maka kuka a tafin hannu. Wai ni za su ɗauka da awakina.

To awakin da ke turkena yawancinsu ba nawa ba ne. Amanar gidan ƙawata Lami ce, Allah ya kai haske kabarinta, kuma bayanta 'yarta Saratu ta ci gaba da bar mini su. Ni ke kiwo, in an haihu mu raba, takin kuma na gonarmu. Wannan amanar ta girmi uban Zulai a hankali, in ba ta girme shi a haihuwa ba. Ita ce abin da nake da shi a garin nan. Wata tana da ɗan kunnen zinariya, wata ta je Makka, ni abin da ake faɗa a kaina shi ne, in ka ba Kande akuya ka yi barcinka.

Da na ji baƙi na tafe da abin ɗaukar hoto, sai na yi abin da na saba. Da asuba na kwance awakin, na kora su tsohon ɗakin maigidana da ke bayan rumbu, na zuba musu abinci, na ja ƙyaure. Na bar guda ɗaya a turke, tsohuwar da muke ce wa Tsaga saboda kunnenta na hagu a tsage yake. Haƙoranta sun zube, dusa ma sai an jiƙa mata. Tsufa ne ya rame ta, ba yunwa ba. Amma wanda bai sani ba zai iya ƙirga haƙarƙarinta daga ƙofar gida.

Ku tsaya in faɗa muku inda na koyi wannan.

Waccan shekarar ina da goyon fari, uban Zulai mai rubutun nan, wanda ba zan kama sunansa ba. Ruwan farko ya sauka da wuri, ya ruɗe mu. Maza suka fita da sungumi, muna biye da ƙwaryar iri, muna jefawa muna takewa da diddige. Mai unguwa ya sa aka yi shela a ɗaure dabbobi. Ku 'yan birni ba ku san wannan ba. A nan gona tana jingine da gona, babu dajin da za a kora dabba. Akuya in ta fita ƙofar gida, a cikin shukar wani take. Don haka daga shuka har girbi tana turke, kuma duk abin da zai shiga bakinta sai an ɗauko shi a ka an kawo mata.

Shuka ta fito kore shar, sai sama ta rufe bakinta. Gero ya yi tsayin ɗan yatsa, ya murɗe, ya ƙone. Aka yi yayyafi, aka sake shuka, ta bi ta farko. Da aka zo ta uku, iri ya ƙare, abin da za mu ci aka binne a ƙasa. Malamai suka fita roƙon ruwa da yara a bayansu. Su Lami, da yake a lokacin gidansu suna kan addinin kakanninsu, ba su fara zuwa coci ba, suka yi nasu roƙon a gindin tsamiya. Sama ba ta amsa wa kowa ba.

Wan mijina, Baba Tanko, shi ke riƙe da gandu, shi ke shiga rumbu ya fitar da awon kowace mace. Da farko kwano cike har ya yi tozo. Sai ya koma a shafe. Sai ya koma rabi. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga nan ya koma kunu, daga nan kunun ya koma na dusa. Ranar da mutum ya fara cin dusa, akuya ta shiga uku, don abincinta ne aka ci. Muka bi tafasa, muka bi yaɗiya, muka tsige zogale har ya koma sanduna. Kwaɗo babu ƙuli, babu mai, gishirin ma da yatsu biyu. Yunwar farko tana cizo. Ta baya ba ta cizo, sai dai kunne ya riƙa ƙara, in ka miƙe tsaye gari ya juya, ka dafa bango ka jira ya tsaya. Nonona ya ja baya. Yaro ya kama, ya tsotsa, ya saki, ya kalle ni.

Abin da ya riƙe shi ita ce baƙar akuyar da uwata ta ba ni ranar da aka kawo ni gidan nan. Tana da nono, ba mai yawa ba, amma yana jiƙa masa maƙogwaro. Don haka neman abincinta ya zama neman ransa.

Gawo da ke ceton dabba da rani, da damina tsirara yake. Sai muka koma wa marke da kalgo da duk ganyen da akuya za ta yarda ta tauna. Mata mukan haɗu kafin rana ta fito, kowa da igiya da tsohon zani. Lami ce mai hawa. Ita ta tashi da fartanya a hannu, ba ta jin tsoron reshe. Ta ɗaure zaninta a gwiwa, ta haye da ƙugiya, tana sakowa muna tarawa, in an gama a kasa kashi-kashi, mai hawa ta ɗauki na farko. Da ganye ya ƙare a kusa, muka koma tonon saiwar ciyawa a bakin hanya, a kakkaɓe ƙasar, a wanke in da ruwa. Ruwan ma rijiya ta ja baya. Guga ya sauka ya dawo da laka, a zauna a jira ta tsatso, rana tana dukan ƙeya. Ƙasarin da aka wanke ɗan hatsi da shi ba a zubarwa, na akuya ne. Har jinkar tsohon ɗaki na zare mata, ciyawar da ta sha hayaƙin shekaru, ta ci tana atishawa.

Wata rana da hantsi Lami ta shigo da jar akuyarta a igiya, Saratu tana goye a bayanta. Mijinta ya ce su tafi kudu neman aikin ƙarfi kafin ƙafafunsu su ƙi ɗaukarsu.

Ta ce, "Kande, ga ta. Tana da ciki. In ta mutu, ta Allah ce. In ta rayu, mu raba."

Na ce, "Ba ki bar wa danginki ba?"

Ta ce, "Dangina za su cinye ta kafin in kai bakin titi. Ke kuwa taurin kanki ya fi yunwa."

Ta ɗaura igiyar a turkena da hannunta, ta juya. Ba ta waiwayo ba, sai Saratu da ke bayanta ce take kallona da manyan idanu har suka fita zaure.

Bakina ya zama uku ke nan, ni da awaki biyu, ga yaro. Ina cin rabi, ina ba su rabi. Ni na rame, su ba su rame sosai ba, kuma a fili suke a tsakar gida, duk mai shigowa yana gani.

A lokacin mata suna ta sayar da kwanukansu da zannuwan aure, dillaliya tana bi gida-gida. Ta shigo wurinmu, ta tsaya a kan baƙar akuyata, ta riƙe haɓa.

Ta ce, "Ikon Allah. Wannan kamar ba a garin nan take ba. Ku dubi bayanta."

Ba ta ce tubarkalla ba. Ta fita. Kafin la'asar maganar ta zaga unguwa ta dawo zauren gidanmu. Baba Tanko ya kira ni, na durƙusa daga nesa.

Ya ce, "Yaran gidan nan suna kwana da kukan yunwa, ke kina kitsa akuya."

Na ce, "Baba, nononta yaro yake sha."

Ya ce, "Yaro ɗaya. Mu nawa ne a gidan?"

Gaskiya ya faɗa. Ranar kasuwar Tsanyawa maigidana ya ja ta, tana tirjewa. Kowa dabba yake kaiwa, babu mai saye, hatsi kuwa ya hau sama. Abin da ya dawo da shi a gindin buhu bai kai mu kasuwa ta gaba ba. Akuyar uwata ke nan.

Wasu sun ce kambun bakin dillaliya ne ya kama ta. Wasu sun ce ba wani kambun baka, magana ce kawai ta yi tafiya. Ni ban taɓa raba su ba. Ido ya gani, baki ya faɗa, igiya ta zo.

Ranar ban bari rana ta faɗi ba sai da na kwance jar akuyar Lami na shigar da ita ɗakina, bayan gado. Na baza toka a ƙasa. Kullum da asuba in share kashinta in kai bayan gida. Ɗakin ya yi zafi, ya yi zarni, ƙuda ya samu gari. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya dai koma kwana a zaure. Ganyen da na samo ina shigo da shi a ƙarƙashin mayafi. Kunun dusa in na karɓi nawa, in shiga ɗaki in sha rabi, in tura mata ƙwaryar.

Ba a daɗe ba Baba Tanko ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin, bayan asabari.

Ya ce, "Ita ma ta Lamin a fito da ita. Waɗanda suka tafi ba dawowa za su yi ba."

Na ce, "Baba, ƙashi ce da fata. Ko mahauci ba zai kalle ta ba."

Ya ce, "Ina jin kukanta."

Na ce, "Kuka ai ko mai mutuwa yana yi."

Ya tsaya, ina ganin ƙafafunsa ta ƙarƙashin asabari. Wan miji ba ya shiga ɗakin matar ƙaninsa. Wannan kunyar ce ta tsare akuyar, ba ƙarfina ba. Ƙafafun suka juya suka tafi.

Ruwa ya zo bayan gero ya riga ya mutu. Da azahar ya zo, babu ko gurnani, sai dai muka ji ƙamshin ƙasa, sai ɗigo manya-manya suna faɗuwa kamar ana jifa da goriba. Mutane suka fito suka tsaya a cikinsa. Aka samu ɗan wake, aka samu 'yar dawa a fadama. Ba ƙoshi ba ne, amma an daina binne yara. A bayan gadona jar akuya ta haifi biyu. Nononta ne ya tsayar da ɗana a kan ƙafafunsa.

Sai da damina biyu ta wuce Lami ta dawo. Ta shigo, muka rungume juna, muka yi kukanmu. Na miƙe zan kai ta ta ga dukiyarta, ta kama mini zani.

Ta ce, "Zauna. Ba sai na gani ba. Ki bar su nan."

Daga ranar har ta koma ga Allah, Lami ba ta taɓa tambayata nawa ne ba, ba ta taɓa leƙa turkena ba. In biki ya taso ko Kirsimeti ta zo, ta aiko a ba ta ɗaya, in zaɓi mai kyau in aika. Sau ɗaya tak ta sa baki. A ciwonta na ƙarshe na kai mata wata 'yar akuya ja da kunnenta ya tsage a ƙaya, don ta yi kama da ta farkon. Ta shafa bayanta, ta ce, "Wannan kada a sayar, Kande." Ita ce Tsaga.

To ga Zulai da abokanta sun iso, kowa da jaka a baya. Suka gaishe ni da ladabi, ban ce ba su da tarbiyya ba.

Zulai ta ce, "Kaka, ke za mu sa. Kowa ya san babu mai kiwo kamarki a garin nan."

Na ce, "Rufe bakin nan, ki ce tubarkalla."

Ta yi dariya, ta ce tubarkalla, ta dubi turke. "Ina sauran?"

Na ce, "Waɗanne saura? Ai mu nan babu komai, sai 'yan ƙasusuwan nan."

Haka ake cewa. Duk macen da ta tashi a ƙasar nan ta san haka ake cewa, kamar yadda in an tambaye ka gajiya za ka ce babu, ko da ƙafarka ta kumbura. Zulai kuwa a Kano aka haife ta, a gidan haya, ba ta taɓa kwana da akuya a bayan gado ba. Na ga fuskarta ta sauya, ta dubi abokanta, suka yi ƙus-ƙus da Turanci.

Suka kafa waya a kan wani ƙarfe mai ƙafa uku. Suka maƙala mini wani ɗan baƙin abu a mayafi, kamar ƙwaro, wai shi ke ɗaukar murya. Suka ce in zuba wa Tsaga dusa, na zuba. Suka ce in sake, rana ta haske hoton. Na sake. Namijin cikinsu ya durƙusa ya ɗauki haƙarƙarinta, ya ɗauki ƙashin ƙugunta, ya buɗe fatar idonta ya ɗauka. Suka tambaye ni me nake ba su da bazara.

Na ce, "Me za mu ba su, ɗana? Sai abin da Allah ya hore."

Suka yini a gindin darbejiya da kwamfuta a kan tabarma, suna yanka suna haɗawa, ina jin muryata tana fita tana komawa, tana faɗin abu ɗaya kamar mai taɓin hankali. Na dama musu fura. Da yamma suka hau mota suka tafi.

A wurin injin niƙa na fara ji. Wata yarinya da na sha ɗauka a bayana ta ce, "Inna Kande, mun gan ki a waya." Matan da ke layi suka sunkuyar da kai. Wata ta ce, "Allah sarki, tsufa ke nan." Ban gane ba, sai da Zulai ta dawo da murnarta. Wai littafinsu ya fi na kowa, malami ya yaba, har an tura wa masu kiwo a ƙauyuka, kowa yana tura wa na kusa da shi.

Ta zauna kusa da ni ta buɗe. Ban ce duka banza ba ne. Akwai inda aka nuna yadda ake gane tsutsar ciki, da lokacin rigakafi, da yadda ake adana harawa kada rana ta cinye ta. Na kalla, na ce wannan da kyau. Sai ta taɓa wani wuri, fuskar wayar ta rabu biyu. A dama wata akuyar makarantarsu, santaleliya, da koriyar alama a kanta. A hagu Tsaga, da jar alama, an zana kibiyoyi suna nuna haƙarƙarinta. Ga hannuna yana zuba dusa. Ga muryata: "Ai mu nan babu komai, sai 'yan ƙasusuwan nan. Me za mu ba su?"

Na ce, "Me aka rubuta a ƙasa?"

Ta yi kamar za ta wuce wurin.

Na ce, "Karanta mini. Ke ce mai boko."

Ta ce, a hankali, "Akuyar da ba ta samu kulawa ba."

Ina jin kunnena yana irin ƙarar nan ta waccan shekarar.

Ta ce, "Kaka, ba mu sa sunanki ba. Fuskarki ma ba ta fito ba, mun kula da wannan."

Na ce, "Fuskata. Wa ke neman fuskata? A garin nan yaron da bai iya tsarki ba ya san akuyar kowa. Kunnen nan akwai wanda bai san shi ba? Da kun nuna fuskata kun ɓoye akuyar, da ya fi mini."

Ta ce, "Amma ke kika ce babu saura."

Na ce, "Haka ake cewa."

Ta ce, "To ni ta ina zan sani?"

Na ce, "Da kin nuna mini kafin ki nuna wa duniya, da kin sani."

Ta ce za su gyara, su sake fitarwa. Na ce wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane fa, wa zai bi gida-gida ya kwaso shi?

Tana nan ba ta koma ba, washegari da hantsi, Saratu ta yi sallama. Ita ma yanzu ta yi furfura, tana da jikoki. Na ga igiyoyi a naɗe a hannunta, tana ɓoye su a bayan zani. Ta durƙusa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, ba ta ɗago ido ba.

Ta ce, "Inna, ba don komai ba. Yara ne suka nuna mini. Akuyar mamata ce na gani a haka. Ban yi barci ba. Suna ta magana, wai tsufa ya kama ki, wai sauran ma wa ya san halin da suke ciki. Na ce bari dai in zo in gani da idona."

In gani da idona. Maganar da uwarta ba ta taɓa faɗa ba, ko a shekarar da ake binne yara.

Na miƙe, na zaga bayan rumbu, na buɗe ƙyaure. Suka fito suna ture juna, jajaye, gashinsu yana sheƙi, masu ciki suna tafiya da ƙyar, ƙanana suna tsalle. Ba na ƙirga dabba da baki, amma tsakar gidan ta cika.

Saratu ta dafe baki. Igiyoyin suka faɗi. Ta ce, "Inna, ki yafe mini. Don Allah a mayar da su."

Na ce, "Ɗauki igiyoyinki. Kin zo da su, kada su koma haka nan."

Ta ce, "Wallahi ba haka nake nufi ba."

Na ce, "Na sani. Amma kin gani. Abin da sai an gani, ya tashi daga amana ya koma ajiya, ni kuma ban iya ajiya ba."

Ta yi kuka, Zulai ta yi kuka, ni ban yi ba. Da hannuna na ɗaure su ɗaya bayan ɗaya. Rabona dama ya daɗe da tafiya a hidimar jikoki, har da karatun mai rubutun nan, don haka babu wani dogon rabo. Da Saratu ta juya wajen turke za ta kwance Tsaga, na riƙe igiyar.

Na ce, "Wannan ba ke kika ba ni ba. Wadda ta ba ni ita za ta zo ta karɓa."

Aka fita da su da rana tsaka, ta gaban injin niƙa, ta gaban masallaci. Mutane suka fito ƙofar gida. Na ji ana cewa tubarkalla, tubarkalla, ashe haka suke. Sunana ya dawo mini a titi yana tafe da ƙafa huɗu, yana nisa da gidana.

Na dubi Zulai, na ce, "Ɗaga wayarki. Yanzu ɗauki. Sun fita hannuna, bakin kowa ba zai same su a wurina ba."

Ta ɗauka. Sun sake fitar da littafin. An cire Tsaga. A wurinta an sa awakin nan jajaye da koriyar alama a kansu, an rubuta cewa ga awakin da suka samu kulawa. Na sa ta nuna mini. Da kyau ya fito. Duk wanda ya kalla zai ga ƙibarsu, amma ba zai lura da cewa bayansu suka ba ƙofar gidana ba.

Saratu ta zo sau da yawa tun daga ranar. Ina amsa gaisuwarta, ina ba ta ruwa. Ta aiko da damin harawa, na karɓa don Tsaga. Maganar mayar da awaki kuwa, in ta ɗauko ta sai in tambaye ta lafiyar jikokinta. Tsohon ɗakin na share shi, na bar ƙyauren a buɗe, kowa ya leƙa. Bana gonarmu babu taki.

Ga hadari can ya sake tasowa, ban sani ba ko na gaske ne. Masu tatsuniya suna da abin da suke rufe bakinsu da shi, ni ba ni da shi. Ajiye biron nan, Zulai. Tashi ki jiƙa mata dusa, ki dama sosai, kin dai san ba ta da haƙori. Kuma ki bar wayar inda take.